3.4 Tsara Saƙon Tsayawar Manhaja Domin Masu Karatu Iri Biyu

A duk lokacin da manhaja ta tsaya cak, akwatin da ke bayyana a fuskar kwamfuta yana magana ne da mutane iri biyu, wato mai amfani da na'urar da kuma maƙerin manhajar. Buƙatunsu kuwa sun sha bamban.

Idan aka ɗauki shagunan buga takardu na Tudun Wadar Zariya, waɗanda ɗaliban harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello kan kai wa kundayensu, za a ga cewa tambayar mai bugu guda ɗaya ce: shin shafukan da ya buga suna nan ko sun salwanta? Shi ga janareto na shan mai, ga ɗalibi tsaye a kansa yana jira. Maƙerin manhaja kuwa ba wannan ne ya dame shi ba. Abin da yake nema shi ne lambar kuskuren da sunan ɓangaren da ya gaza.

Windows 95 ta yi ƙoƙarin raba waɗannan buƙatu, domin ta ɓoye lambobin a bayan wani maɓalli na ƙarin bayani. Sai dai jimlar da ta bari a fili tana cewa manhajar ta aikata abin da ya saɓa doka, kalmar da ke iya sa mai ƙarancin Turanci ya zaci laifi ya yi. Game da makomar aikinsa kuwa, ba ta ce uffan ba.

A shekarar 2001 Windows XP ta zo da zaɓin aika rahoto kai tsaye ga kamfanin Microsoft. Amfanin wannan ya fito fili a 2002, lokacin da shugaban kamfanin, Steve Ballmer, ya bayyana cewa kashi 1 cikin 100 na kurakuran manhaja ne ke haddasa rabin matsalolin da ake kawo rahotonsu. Amma a nan akwai abin lura. Rahoton yana iya ɗauke da gutsuren takardar da ake bugawa, wadda a shagon bugu ba ta mai na'urar ba ce, amana ce ta wani. Saboda haka ya wajaba akwatin ya fara da faɗin halin da aikin yake ciki cikin harshe mai sauƙi, sannan ya nuna abin da za a aika kafin a nemi izinin aikawa.