Yadda Za Mu Gane Walda Mai Kyau Kafin Mu Biya Kuɗi

Yanzu rani ne, lokacin da ya kamata kowace ƙungiya ta fito da kayan aikinta ta dudduba su: garmar shanu, amalanke, baro, injin niƙa da injin ban ruwa. Abin da ya karye a kai wa mai walda tun ruwan shuka bai sauka ba, gama idan damina ta kankama babu mai lokacin zaman jira a bakin shago.

Bara, a wani ƙauye da muke zagayawa, an kai sandar jan amalanken ƙungiya gyara. Aka dawo da ita an shafe ta da baƙin fenti, tana ƙyalli, kowa ya yaba. Ba a yi mako uku ba ta ɓalle a kan gangara, da buhunan taki a kai, da yaro zaune bisa buhunan. Allah ya kiyaye yaron, amma sa ɗaya ya ji ciwo a ƙafa, bai sake shiga gona ba sai bayan an gama huɗa. Da muka duba wurin karayar, sai muka ga ƙarfen biyu ba su narke sun haɗu ba ko kaɗan. An dai ɗiɗɗiga musu ƙarfe a bisa, fenti ya rufe. Shi ya sa muka ga ya kamata mu koyi duba walda da idonmu.

Mece ce walda?

Baƙin ƙarfe yana narkewa idan zafi ya kai wajen digiri 1,500. Wutar da ke tashi a bakin sandar walda ta fi haka zafi ninki biyu, har da ƙari. Aikinta shi ne ta narkar da bakin ƙarfe biyu tare da sandar, su gauraya, su huce su zama abu guda. Garin da aka lulluɓe sandar da shi yana ƙonewa ya kare narkakken ƙarfen daga iska, sa'an nan ya daskare a bisa kamar kashin maƙera. Wannan ɓawo ba shi da wani ƙarfi, dole a fasa shi a goge.

To, ƙarfin walda yana ga zurfin da narkewar ta yi cikin ƙarfe. Tulin da aka tara a bisa ba ya riƙe kome. Don haka idan kaurin ƙarfe ya wuce milimita 6, lalle a fiƙe bakinsa da giranda, wurin haɗin ya yi kwari kamar harafin V, a cika shi layi bayan layi, ana fasa ɓawo bayan kowane layi. A kuma goge tsatsa da mai da tsohon fenti kafin a fara.

Abin da za mu duba

Doka ta fari ita ce kada mu karɓi walda da fenti a kanta. Mu roƙi mai walda ya fasa ɓawon, ya goge da buroshin waya, mu duba a cikin hasken rana. Walda mai kyau takan kwanta da faɗi ɗaya daga farko har ƙarshe, da 'yan layuka a jere daidai kamar kunyar da gwanin huɗa ya ja. Gefenta ya saje da ƙarfen sumul. Inda aka haɗa ƙarfe biyu a kusurwa, waldar ta kama kowane gefe daidai, faɗin kamun kuwa ya kai kaurin ƙarfen da ya fi siranta. Ga alamu shida na aikin da bai yi ba:

1. Tsaga. Ko da ta yi siririya kamar gashi, kada a karɓa. Takan ɓuya a inda mai walda ya ɗaga sanda a ƙarshen layi. Girgizar hanya da ta inji za ta yi ta buɗa ta. Maganinta a kankare wurin da giranda har tsagar ta ɓace, a sake. Ɗora sabuwar walda a kan tsaga rufe ƙura da fatar akuya ne.

2. Ƙananan ramuka kamar ɓarnar gara. Iska ce ta maƙale a ciki, saboda sanda ta ji laima, ko ƙarfen yana da tsatsa ko mai. Ramin da muka gani a waje yana da 'yan'uwa a ciki.

3. Kwari a gefen walda. Wuta ce ta yi yawa ta cinye ƙarfen. Mu bi gefen da farce bayan ya huce. Idan farce ya faɗa rami, ƙarfen ya rage kauri a nan, a nan kuwa zai karye.

4. Walda da ta taru ta yi tudu, gefenta ya lanƙwasa bisa ƙarfen bai kama ba. Wuta ce ta yi kaɗan. Wannan yakan faru sa'ad da lantarki ba shi da ƙarfi, ko janareta ya yi wa injin ƙanƙanta.

5. Ɗige-ɗige kamar kashin kaji, da ɓawo maƙale a tsakani. Hannun da bai ƙware ba ne, ko gaggawa.

6. Baya babu alamar wuta. Mu juya ƙarfen. Idan bakin nan biyu suna nan da kaifinsu kamar yadda aka yanke su, narkewa ba ta ratsa ba. Ƙarfe mai kauri a yi masa walda ciki da waje.

Kada mu ce ƙaramar walda ce, ba kome. A shekarar 1980 wani dandalin ma'aikatan haƙar mai na ƙasar Norway, mai suna Alexander Kielland, ya kife a teku, mutum 123 suka mutu. Masu bincike suka tarar masifar ta faro ne daga tsaga a wata walda mai milimita 6 kacal. Har fenti suka samu a cikin tsagar, watau tana nan tun ranar da aka ƙera dandalin.

Gwaji biyu masu sauƙi

Idan za mu ba sabon mai walda babban aiki, mu sa ya haɗa guntayen ƙarfe biyu irin namu. Bayan sun huce, a danne ɗaya a yi ta bugun ɗayan da guduma. Walda mai kyau za ta bar ƙarfen ya lanƙwashe ba ta rabu ba. Idan ta ɓalle, mu duba cikinta mu ga ko akwai ramuka ko ɓawo.

Idan kuwa tanki ne ko kwanon da ba a so ya yi yoyo, a dama alli da ruwa a shafa a bayan waldar, a bari ya bushe, sa'an nan a shafa kananzir ta ciki. Inda akwai kafa, kananzir zai ratso ya ɓata allin. Bayan gwajin a wanke sarai a bar shi ya sha iska kafin a sake kusantar da wuta.

Kowane ƙarfe da sandarsa

Sandar da aka fi samu a kasuwa ita ce mai lamba 6013. Ta isa ga ƙofa, taga, baro da jikin amalanke. Amma ƙarfe mai tauri, irin na bakin garma da sifirin mota, yana son a ɗumama shi tukuna, a yi masa da sanda mai lamba 7018, wadda dole a ajiye ta a busasshen wuri. Ƙarfen zubi kuma, irin na gangar jikin injin niƙa da famfo, sandar nikel yake bukata, a kuma binne shi cikin toka ko busasshen yashi ya huce a hankali. Kada mu yarda a watsa wa irin waɗannan ruwa don muna sauri. Ruwan sanyi yana sa su yi gautsi su tsage.

Kiyaye rai da lafiya

Ido. Hasken walda yana ƙona ido, ciwon kuwa ba ya tashi sai bayan awa 6 zuwa 12, mutum ya farka da dare kamar an zuba masa yashi. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tsare kome. Garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 ko fiye ita ce daidai, ga maigida da yaron da ke riƙe masa ƙarfe. Mu kori yara 'yan kallo. Wanda ya kamu ya ɗora tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, kada a ɗiga masa madara ko ruwan ganye. Idan ya kwana biyu bai warke ba, ko tsinken ƙarfe ya faɗa idon, sai asibiti.

Hayaƙi. A shekarar 2017 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji na huhu. A yi aiki a sarari, kai ba a cikin hayaƙin ba. Farin bututun ruwa mai rufin tutiya yana fid da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da dare, don haka a kankare rufin kafin a sa wuta.

Fashewa. Durom ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko man dizal, ko maganin ƙwari, kada a yanka shi ko a yi masa walda don an ga babu kome a ciki. Tururin da ya rage shi ne ke fashewa, ɗauraya da ruwa kuwa ba ta fitar da shi duka. Haka kuma kada a yi walda a ƙarfen ƙafar amalanke da taya a jiki, ko da an sace iskar. A cire tayar gaba ɗaya.

Lantarki da gobara. Kada a yi aiki a jiƙaƙƙen wuri, ko da hannu mai gumi ba safa, ko da waya da ta ƙuje. Tartsatsi yana tafiya nesa, saboda haka a nisanci zana, kara da rumbu, a ajiye bokitin yashi kusa.

Mu da masu walda

Aikin ƙarfe sana'a ce mai daraja tun dā. Littafin Farawa ma ya ambaci Tubal-kayinu maƙeri. Mu ƙarfafa samarinmu, maza da mata, su koye ta sosai, su kuma zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ke da mataki uku: na 3, na 2, da na 1.

Amma mu ma akwai laifinmu. Mu ne muke ciniki har mai walda ya rasa kuɗin sanda, mu tsaya a kansa muna cewa ya yi sauri kasuwa za ta tashi. Wanda ya biya kuɗin ɗige-ɗige, ɗige-ɗige zai samu. Shawararmu ita ce kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu masu duba walda. Su shirya da mai walda tun da fari cewa za a fiƙe, a yi layi nawa, da wace sanda, ba kuwa za a shafa fenti ba sai sun gani. In aiki ya yi, a biya shi hakkinsa cif, a ranar.

A taronku na wannan wata, ku fito da amalanke da garma, ku karanta alamun nan shida da ƙarfi, ku bi kowace walda ɗaya ɗaya, musamman ta sandar ja da ta gindin ƙafafu. Abin da kuka samu ku faɗa mana sa'ad da muka zo zagaye. Ubangiji ya kiyaye mu, ya ba mu damina mai albarka.