Baƙar Fatar Amurka Da Baƙin Afirka: Zaman Harshe Da Haƙori

Wanda ya hangi baƙar fatar Amurka daga nesa sai ya zaci tsintsiya ce maɗaurinta ɗaya. Alhali kuwa iri biyu ne manya. Akwai jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, akwai kuma 'yan Afirka da suka tafi da ƙafarsu neman ilmi ko abinci, waɗanda suka kai kimanin miliyan 2 a shekarar 2019.

Zaman nasu bai rasa 'yar tsama ba. Sau da yawa baƙo yakan sauka da labarin da ya ji a bakin Turawa, wai baƙin mutum ɗan ƙasa malalaci ne. Shi kuwa ɗan ƙasa gani yake yi baƙo ya zo girbin abin da bai shuka ba. A cikin 2004, malamai biyu na Jami'ar Harvard, Lani Guinier da Henry Louis Gates, suka nuna cewa mafi yawan ɗalibai baƙar fata a jami'ar baƙi ne daga Afirka da tsibiran Karibiyan, ko 'ya'yansu, ko kuma ruwa biyu. Maganar ta ta da ƙura ƙwarai.

To, amma ya kamata baƙo ya tuna wanda ya share masa hanya. Jami'ar Lincoln, wadda aka kafa domin baƙar fata, ita ta koyar da Dokta Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah. Dokar shige da fice ta 1965 kuwa, wadda ta soke fifita Turawa, ta biyo bayan gwagwarmayar su Martin Luther King ne.

Ran 4 ga Fabrairu 1999, 'yan sanda huɗu a birnin New York suka yi wa Amadou Diallo, wani ɗan tireda mutumin Gini mai shekara 23, harbi 41 a ƙofar gidansa, ba ya riƙe da makami. Ba wanda ya tambaye shi asalinsa. Baƙar fatar Amurka su ne suka shige gaba wajen zanga-zanga, har aka kama mutum fiye da 1,000, cikinsu har da tsohon magajin gari David Dinkins. Duk da haka kotu ta sallami 'yan sandan a 2000.

Jama'a, harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma baki ɗaya suke kwana. Saboda haka duk ɗan Afirka da ya sauka Amurka, kafin ya raina wanda ya tarar, sai ya fara tambayar tarihinsa tukuna.