Littafin da Ya Tona Asirin Shirun 'Yan Makaranta

A cikin shekarar 1999 wata marubuciya Ba'amurkiya, Laurie Halse Anderson, ta fito da wani ƙagaggen labari domin samari da 'yan mata, mai suna Speak, watau “Yi Magana”. Har yanzu ana karanta shi a makarantun sakandare na Amurka, kuma har yanzu ba a daina jayayya a kansa ba.

Labarin wata yarinya ne, Melinda, wadda wani babban ɗalibi ya yi wa fyaɗe a wurin wata liyafa, ana dab da komawa makaranta. Cikin ruɗewa ta kira 'yan sanda ta waya, liyafa ta watse, amma ta kasa faɗin dalili. Da aka koma makaranta sai ƙawayenta suka juya mata baya, ana yi mata kallon 'yar tsegumi. Yarinya ta rage magana, karatunta ya lalace. Iyaye da shugabannin makaranta kuwa suka ɗauka taurin kai ne, sai faɗa da horo. Malamin zane ne kaɗai ya lura da ita. Aikin zana itace da ya ba ta shi ya zama mata hanyar fitar da abin da ke cinta, har daga bisani ta buɗe baki.

Abin da littafin ke nunawa ke nan: mugu ɗaya ne ya ji mata rauni, amma makaranta ce ta hana raunin warkewa.

A 2010 wani malamin jami'a a Jihar Missouri ya nemi a janye littafin daga makarantun garin Republic, wai batsa ne. Hukumar makarantun ta duba, a 2011 ta bar shi. Sa'an nan a 2019 marubuciyar ta fito da wani littafi, Shout, inda ta ba da labarin fyaɗen da aka yi mata ita kanta tana da shekara 13.

Masu neman a ɓoye irin wannan littafi suna cewa yara suke karewa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaron da ya yi shiru haka kwatsam, kafin a ɗauko masa bulala, ya kamata uba da malami su fara tambayarsa abin da ya same shi.