Ciwon suga a Assamakka: ɓarnar da ke farawa tun da ƙuruciya

A bakin tashar Assamakka, inda manyan motoci ke jiran izinin tsallakawa In Gezzam ta ƙasar Aljeriya, butar shayi ba ta sauka daga kan gawayi. A sha na farko, a ƙara suga a sha na biyu, a sake ƙarawa a na uku, ga sigari a hannu. Ga matashin da ke da ciwon suga, wannan zama na hira yana da tsada, kuma jijiyoyin jininsa ne ke biya.

Mutanenmu sun ɗauka bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ciwon tsofaffi ne. Gaskiya ne a kan manya suke bayyana, amma tun da wuri ake shuka su. Idan suga ya daɗe da yawa a cikin jini, yana ƙuje shimfiɗar da ke cikin jijiya, wadda asalinta sumul take kamar cikin sabon tiyo. Inda ta ƙuje, nan kitse ke maƙalewa. Bangon jijiyar ya yi kauri, ya ƙage, ya daina buɗewa da tsukewa yadda ya saba. Likitoci na iya auna kaurin a jijiyar wuya da irin na'urar da ake duba masu juna biyu, kuma an ga alamarsa har a jikin yara 'yan makaranta masu ciwon. Yaron kuwa yana buga ƙwallonsa, babu inda ke masa ciwo.

Ana iya rage ɓarnar. A 1983 aka fara wani bincike a Amurka da Kanada kan mutum 1,441 masu dogaro da allurar insulin, 'yan shekara 13 zuwa 39. Sakamakon da aka fitar a 2005 ya nuna waɗanda aka tsananta kula da sugansu tun farko sun sami raguwar cututtukan zuciya da jijiya da kashi 42 cikin ɗari. Kulawar da aka yi musu suna samari ce ta cece su bayan sun manyanta.

To amma Assamakka ba Toronto ba ce. Daga nan zuwa Arlit kusan kilomita 200 ne na hamada, Agadas kuma ta fi haka nisa daga Arlit. Ma'aikatan lafiya, har da na ƙungiyar likitoci ta MSF, hankalinsu na kan baƙin da Aljeriya ke saukewa a wurin da ake kira Point Zéro, su tako kilomita 15 a ƙafa. Wanda ya zo da ƙishirwa da kumburin ƙafa shi za a fara dubawa, babu mai laifi a nan. A Akokan da ke kusa da Arlit ma, tun da kamfanin COMINAK ya rufe mahaƙarsa ta yuraniyom a Maris 2021, iyalai da yawa sun rasa albashin da suke sayen magani da shi.

Sai zafi. Insulin a firji ake son ajiye shi, amma binciken MSF da Jami'ar Janeba a 2021 ya gano kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta mako huɗu idan zafin yana kaiwa da komowa tsakanin digiri 25 da 37. A bazarar Assamakka rana kan wuce nan, don haka tukunyar ƙasa cikin jiƙaƙƙen yashi, a inuwa, ta fi aljihun riga ko gaban mota.

A ganina, abin da ya fi sauƙi shi muke sakaci da shi. Awon hawan jini minti biyu ne. Sigari ga mai ciwon suga zuba fetur ne a wuta, barinsa kuma ko dala ba ya ci. Iyaye, duk ranar da kuka kai yaro karɓar allura, ku nemi a auna masa jini, a duba fitsarinsa saboda ƙoda, ko da ya ce muku lafiyarsa ƙalau.