Wa Ke Karantar Da Malamin Allo?

Ya ku malamai da attajirai masu karanta wanga shafi, ina so mu dubi wata mas'ala wadda ta shafi kowane gida na Sakkwato, ita ce mas'alar malami shi kansa. Wa ke ƙara masa sani bayan ya zauna bisa buzu, kuma wa ke taya shi ɗaukar nauyi?

Ku sani horon malamai ba baƙon abu ba ne ga wanga gari. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi guda, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa shaihunnan da ya ɗauki karatu gare su, da littattafan da ya karanta wurin kowanensu. Mutanen wancan zamani kan tambayi mai karantarwa daga wa ya ji, wa ya ba shi ijaza. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu cikin 1864, ta kai abin ga mata. Takan zaɓi dattijuwa amintacciya ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle. Jaji ta jagoranci matan ƙauyensu zuwa gare ta, ta ɗauki karatu cikin waƙoƙi masu sauƙin hardacewa, ta koma ta karantar, bayan wani lokaci ta sake dawowa ta ƙaro. Ku lura da wagga dawowa, gama ita ce sirrin 'Yan Taru. Jaji ba ta taɓa cewa ta ƙare.

Da boko ya zo, shi ma ya kafa nasa tsani. An buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922 don horon malamai, nan Sardauna Ahmadu Bello ya ƙare cikin 1931, ya dawo ya karantar a Midil ta Sakkwato. Waziri Junaidu, wanda karatunsa na zaure ne, ya karantar a Midil, ya shugabanci makarantar alƙalai, kafin a naɗa shi Waziri cikin 1948. Cikin 1970 anka kafa babbar kwalejin malamai wadda daga baya anka ba sunan Shehu Shagari, shi ma tsohon malamin makaranta. Cikin 1976 anka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, don malami ya ƙara karatu ba tare da barin ajinsa ba. Dokar 1993 ta kafa majalisar yi wa malamai rajista, dokar ilmin tushe ta 2004 kuwa ta kawo asusun da ake keɓe wani kashi nasa don horonsu.

Abin da na fi ganin hikimarsa shi ne shirin Mu Karanta, wanda anka gudanar a Sakkwato da Bauci da taimakon Amurka tsakanin 2015 da 2021. An ba malamin ƙananan azuzuwa littafin jagora mai nuna masa darasin kowace rana da Hausa, an kuma sa wani mai zagayawa ya zauna bayan aji ya saurara, in an tashi ya gyara masa. Ga ganina wanga zama ya fi taron kwana uku na babban ɗaki, inda da yawa kan je don kuɗin zama, su dawo da takarda ba su dawo da sani ba.

To, ina malamin allo cikin duk wanga? Cikin 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya zo Gagi ya buɗe makarantar kwana ta almajirai. Gini abu ne mai kyau, amma irinta kaɗan ne, makarantun allo kuwa suna kowace shiya, daga Gidaɗawa har Rijiyar Ɗorowa har bayan ganuwa. Malaminsu shina zaune da yara masu yawa, wani na babbaƙu, wani na farfaru, wani ya kai izu goma, shi kaɗai da gardi ɗaya ko biyu. Abin hannunsa kuɗin Laraba da sadakar sauka. In ya rufe makaranta mako guda don neman ƙari, gidansa ya kwana da yunwa, yara su watse.

Kuma buƙatar ƙari tabbatacciya ce. Yawancinmu da ruwayar Warshu munka tashi, mus'hafan da ke kasuwa da karatun da yara ke ji ga rediyo galibi na Hafsu ne. Tun da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa cikin 1986, tajwidi ya zama ma'auni, har yaro kan dawo ya tambayi malaminsa hukuncin nunun sakina, malam ya rasa amsa. Ba aibi ba ne ga dattijo ya ɗauki littafi ya durƙusa gaban wanda bai kai shi shekaru ba. Alhamis da Juma'a ba mu da karatu. Da malaman kowace shiya za su taru kowace Alhamis zauren wani alaramma, a yi tajwidi da safe, a bi Iziyya ko Risala bayan azahar, a tattauna yadda ake raba yara bisa matsayinsu da yadda ake horo ba da yawan dorina ba, da mun farfaɗo da abin da jajoji ke yi.

Ku kuma attajirai, ku ne kuka fi kowa gina masallaci, Allah Ya saka. Amma ɗanku da zai riƙe littafin bashi da ma'aunin shago, hannun wanga malami ya fara biyowa. Shago ɗaya na kasuwa in anka yi waƙafinsa ga zauren shiya, hayarsa ta isa ta sayi littattafai, ta biya alaramma mai karantarwa, ta sa buhun gero gidan malamin da ya tafi ƙaro karatu. Jiha tana da hukumar zakka da waƙafi, ana iya rubuta shi gare ta don kada magada su yi jayayya.

Ga hukumar almajirai ta ƙasa da anka kafa cikin 2023, da hukumar ilmin Larabci da addini ta jiha, roƙona ɗaya ne. A rubuta sunayen malaman allo shiya shiya, a jarraba su ga abin da sunka sani ta hannun malaman da sunka yarda da su, a ba su shaida wadda za ta buɗe masu ƙofar kwaleji ba sai an nemi takardar sakandare ba.