Mita ɗaya, ɗakuna da yawa: yadda ake raba wuta ga makunnai da soket

A gidajen haya na Garwa, Njamena ko Yamai, mita ɗaya kan ciyar da ɗakuna biyar ko shida. Wannan ba laifi ba ne. Haɗari yana farawa ne idan aka ja waya siririya guda ɗaya, aka rataya mata fitilu, fanka, firji da dutsen guga gaba ɗaya.

Wuta tana shiga gida da ƙarfin volt 220 zuwa 230 ta wayoyi biyu: mai wuta, wadda ake kira faz, da marar wuta, wato nutar. Ta uku ita ce wayar ƙasa, da ake ɗaurawa ga sandar ƙarfe da aka binne. Kowane kwan fitila da kowane soket, ko priz a bakin masu Faransanci, dole ya samu faz da nutar nasa kai tsaye daga akwatin haɗi. Idan wuta ta bi ta cikin kwai ɗaya kafin ta isa na gaba, hasken zai dushe, kuma mutuwar ɗaya za ta kashe sauran.

Makunni kuwa a kan faz ake ɗora shi. Idan aka sa shi a kan nutar, fitila za ta mutu amma mazaunin kwan yana nan da wuta, mai canza kwai zai iya shan girgiza.

Bayan mita, ana raba wutar gida-gida, kowane layi da na'urarsa ta yanke wuta, wato disjonktar ko bireka. Ƙa'idar Faransa mai lamba NF C 15-100, wadda masu aikin wuta da yawa ke bi a ƙasashe masu Faransanci, ta ba layin fitilu waya mai lamba 1.5, da bireka da ba ta wuce amfiya 16 ba, da fitilu 8. Layin soket mai waya 2.5 yana ɗaukar bireka ta amfiya 20 da soket 12. Na'urar sanyaya ɗaki da ta dafa ruwan wanka, kowacce da layinta.

Lissafin mai sauƙi ne: amfiya 20 sau volt 220 ya ba da wat 4,400. Dutsen guga mai wat 2,000 da butar lantarki mai 2,000 sun kusa cinye layin. Idan bireka tana yawan faɗuwa, kaya ne suka yi yawa. Wanda ya musanya ta da mai amfiya 32 ya bar wayar ta yi zafi har robarta ta narke, daga nan sai gobara. Bireka waya take karewa. Mai kare mutum daga girgiza ita ce difaransiyal ta miliamfiya 30.

Masu ƙetare iyaka su kula da launi. A tsarin Faransa shuɗi nutar ne, kore da rawaya wayar ƙasa, faz kuma ja, baƙi ko ruwan ƙasa. A tsohon tsarin Ingila, da har yanzu ake gani a gidajen Najeriya da Gana, baƙi shi ne nutar. Don haka kafin a taɓa kowace waya, a kashe wuta daga mita, a gwada da testa, aikin kuma a ba wanda ya koye shi.