Inshorar Lauya Ga Masu Yawo Da Bindiga A Amurka: A Karanta Sharuɗɗa Kafin A Sa Hannu

A Amurka doka ta yarda mutum ya riƙa yawo da ƙaramar bindiga a ɓoye a jikinsa. Fiye da rabin jihohin ƙasar ma sun daina neman lasisi a kan hakan, sannan a 2022 Kotun Ƙoli ta soke dokar New York da ke buƙatar mutum ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili kafin a ba shi izini. 'Yan uwanmu da ke zaune a can, musamman direbobin tasi da masu shagunan da ke kai dare, suna cikin waɗanda ake tallata wa bindiga, da kuma wata inshora da ake cewa za ta ɗauki nauyin lauya in ta ɓaci.

Dalilin wannan inshora a fili yake. Wanda ya harbi ɗan fashi don kare ransa, ba tafa masa 'yan sanda za su yi ba. Za su karɓe bindigar, su yi masa tambayoyi, wataƙila ya kwana a tsare. In aka gurfanar da shi, akwai kuɗin beli, da na lauya, da na ƙwararrun shaidu. A shari'ar wani mai suna Kyle Rittenhouse kan harbi a jihar Wisconsin, dala miliyan 2 aka yanke na beli, duk da cewa an wanke shi a 2021. Ko an sallami mutum ma, tsugune ba ta ƙare ba, domin dangin mamacin na iya shigar da ƙarar neman diyya, wadda ba ta buƙatar hujja mai ƙarfi kamar shari'ar laifi. Lauyan gwamnati na kyauta ba ya tsaya wa kowa a irin wannan ƙara, inshorar gida kuma galibi ba ta biyan abin da aka aikata da gangan.

Kamfanoni irin su USCCA da US LawShield da CCW Safe ne ke wannan sana'a, suna karɓar daga dala goma da ɗoriya zuwa wajen hamsin a wata. Sai dai ba duka ba ne inshora ta gaskiya. Wasu ƙungiyoyi ne kawai da ke da lauyoyinsu, alƙawarinsu kuma bai wuce abin da ke rubuce a takardar yarjejeniya ba.

Abu na farko da za ka tambaya shi ne, yaushe suke biya? Wasu suna tura wa lauya kuɗi tun daga daren da abin ya faru. Wasu kuwa sai ka biya daga aljihunka, in an wanke ka su mayar maka. Ga mai ƙaramin ƙarfi, wannan na biyun bai amfana masa komai ba, don a makon farko ake buƙatar kuɗin.

Na biyu, a wane hali suke janye jiki? A nan ne aka fi shan mamaki. Yawancin takardun suna da sakin layi da ke cewa ba ruwansu da aikata laifi. To wa zai tantance laifi ne ko kare kai, kotu ko kamfanin? An yi haka a jihar Louisiana, inda wata mata da ta harbe mijinta a 2018 ta ce kare kanta ta yi. Kamfanin inshorarta ya biya kason farko na kuɗin lauya, daga baya ya duba hujjojin ya daina biya tun kafin a zauna shari'a. Ka kuma duba ko za su nemi ka maido da abin da suka kashe in an same ka da laifi, ko in ka amsa wani ƙaramin laifi don a sassauta maka, wanda ta haka ne mafi yawan shari'o'in Amurka ke ƙarewa.

Na uku, ka san iyakar abin da za su biya a shari'ar laifi, da na diyya, da na beli, da na ɗaukaka ƙara, kowanne daban. Ka tambaya ko kai za ka zaɓi lauyanka, da kuma ko kariyar tana bin ka in ka tsallaka wata jiha. Direban babbar mota da ke tasowa daga Texas ya sani cewa dokar can ba ta tilasta masa ja da baya kafin ya yi harbi, alhali a titin New York dole ne ya kauce muddin akwai hanyar tsira.

Jihohin New York da New Jersey da Washington sun taka wa irin wannan inshora birki. A 2018 hukumar kula da harkokin kuɗi ta New York ta ci tarar kamfanin Lockton dala miliyan 7 saboda shirin inshorar Carry Guard na ƙungiyar masu bindiga ta NRA. Saboda haka wanda ke zaune a unguwar Bronx ta New York ya yi hattara da mai ce masa zai sayar masa da ita.

Akwai kuma batun takardu. Dokar tarayya ta hana wanda ba shi da izinin zama mallakar bindiga, haka nan mai bizar karatu ko ta ziyara, in ban da 'yan togaciya kaɗan. Mai girin kad yana iya mallaka, amma hukunci guda kan laifin bindiga ya isa a kore shi daga ƙasar. Don haka ka tambaya ko tsarin ya haɗa da lauyan shige da fice.

Ɗan uwa, katin kamfani ba lasisin harbi ba ne, kuma ba ya hana ɗauri. In an tsokane ka a hanya, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. In kuwa ka yanke shawarar riƙe bindiga, nemi cikakkiyar takardar sharuɗɗan, ka kai wa lauyan da ya san dokar jiharka ya karanta maka ita kafin ka ba da lambar katin bankinka.